Bazara da Haƙƙin Dabbar da Ke Ɗaure a Gida

Bazara a kudancin jihar Maraɗi takan kankama daga tsakiyar Maris, ta tsananta a Afrilu da Mayu, ba ta sassautawa sai damina ta zauna a watan Yuni. A Afrilu, matsakaicin zafin tsakar rana a birnin Maraɗi yakan kai digiri 40, kuma wannan awo ne da ake ɗauka a cikin inuwa. Yashin tsakar gida, kwalta da rufin kwano duk sun fi haka zafi nesa ba kusa ba. Ɗan Issa, da ke gundumar Madarumfa kimanin kilomita 40 kudu da Maraɗi a kan hanyar Jibiya da Katsina, tana cikin wannan yanayi. Gari ne na noma da kiwo da fatauci, da wuya a shiga gida a rasa wata dabba a cikinsa.

Maganar zafi ta cika kafofin labarai a farkon Afrilun 2024, lokacin da ma'auni ya nuna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitin Gabriel Touré na Bamako kuma ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu. Abin ya zo daidai da ƙarshen azumi. Masanan ƙungiyar World Weather Attribution sun bayyana daga baya cewa sauyin yanayi ya ƙara wa wannan zafi kimanin digiri 1.5 da rana, da digiri 2 da dare. Gargaɗin da ya biyo baya na mutane ne: a sha ruwa, a guji rana, a lura da tsofaffi da jarirai. Daidai ne a fara da mutum. Kuskuren shi ne yadda ake tsayawa a nan, bisa wasu zato guda biyu. Na farko, wai dabbar ƙasar nan ta saba, rana ba ta yi mata kome. Na biyu, wai damuwa da jin daɗin kare ko kyanwa al'adar Turawa ce, ta waɗanda cikinsu ya cika. Duka biyun ba su da tushe, na biyun ma ya saɓa wa littattafan da ake karantawa a zaurukan malaman ƙasar Hausa.

Gaskiya ne dabbobin Sahel suna da juriya. Jar akuyar Maraɗi, wadda aka kafa wa cibiyar kiwo ta musamman a 1963, da tumaki irin su Balami da Uda masu gajeren gashi, da karen gida mai siririn jiki da dogayen ƙafafu, duk ƙirar ƙasar zafi ce. Amma rabin juriyar a ɗabi'a take. Karen da aka sake zai tona rami a gindin randa ko ƙarƙashin rumbu ya shimfiɗa cikinsa a ƙasa mai sanyi. Kyanwa takan ɓace tun hantsi, ba a sake ganinta sai la'asar sakaliya. Akuya tana bin inuwar katanga duk inda ta juya. Da zarar an sa igiya, ko sarƙa, ko keji, an ƙwace wa dabba wannan dabara, dukan lissafin ya koma wuyan mai ita. Mafi yawan dabbobin da zafi ke kayarwa a cikin gari ɗaurarru ne, ko waɗanda aka rufe, ko waɗanda aka tilasta wa aiki da tsakar rana.

Kowace dabba da hanyar da take fitar da zafi. Doki da jaki suna gumi kamar mutum, shi ya sa suke asarar ruwa da gishiri da yawa. Kare ba ya gumi sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake sanyaya jikinsa, danshin harshe da maƙogwaro na bin iska yana tafiya da zafi. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne, idan ya haura 41 ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanji sukan fara lalacewa. Tsuntsaye ba sa gumi ko kaɗan, jikin kaza kuwa dama yana wajen digiri 41, saboda haka tazarar da ke tsakaninta da halaka ƙanƙanuwa ce. Zomo ya fi kowa rauni, yakan fara galabaita tun zafi bai wuce digiri 30 da yawa ba. Lokaci mafi haɗari shi ne ƙarshen bazara, Mayu zuwa farkon Yuni, sa'ad da iskar kudu ta kawo laima amma ruwa bai sauka ba. A cikin iska mai laima haki da gumi ba sa aiki sosai, dare ma ba ya yin sanyin da jiki zai huce.

Abin da ake buƙata sananne ne: inuwa, ruwa, da lura da lokaci. Matsalar inuwa ita ce tafiya take yi. Maigida yakan ɗaure rago a turke da sassafe a jikin katangar gabas, inuwa shimfiɗe har tsakar gida, ya kama hanyar kasuwa hankali kwance. Kafin azahar inuwar ta tattare ta koma gindin bango, ragon na tsaye cikin rana tsaka, ya ja igiya iya tsawonta, ya cusa kai a ɗan siririn duhun da ya rage, cikinsa na bugawa da sauri. Wurin turke da azahar ake zaɓensa, ba da safe ba. Rumfar zana ko ta kara ta fi ta kwano, domin kwano yana tara zafi ya sauke shi a kan abin da ke ƙasa. Inda kwanon ya zama dole, a ɗaga shi sama, a shimfiɗa kara ko tsohuwar zana a bisansa, a bar gefe a buɗe. Haka zancen yake ga gwangwanayen da samari ke kafawa a bango don tantabaru su yi ƙwai, da kejin kanari da ake ratayewa a bakin rufi, da akurkin da aka yi da guntayen langa-langa. Tukunyar ƙasa da kwando, waɗanda aka saba amfani da su tun da, sun fi su aminci. Ruwa kuma ba a auna shi da sau ɗaya a yini. Kare mai nauyin kilo 20 yana buƙatar fiye da lita ɗaya ko a lokacin sanyi, a bazara buƙatar na iya ninkawa. Jakin da ke aiki na iya shan lita 20 ko fiye. Ruwan da ya wuni cikin baƙar jarka ko kwanon ƙarfe a rana yakan yi zafin da dabba za ta sunsuna ta juya, mai ita kuwa ya ɗauka ta ƙoshi. Kasko ko kwatarniya a inuwa, ana sabuntawa, ya wadatar.

Ragon layya na buƙatar a ware masa magana, saboda kalandar Musulunci tana jawo Babbar Sallah baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. Ta 2024 ta faɗo tsakiyar Yuni, ta 2025 farkon Yuni, ta 2026 ƙarshen Mayu, zuwa 2030 za ta kasance tsakiyar Afrilu. Wato shekaru masu zuwa, makonnin ƙarshe na kiwon turke, lokacin da rago ya fi ƙiba, da jigilarsa zuwa kasuwa, duk a tsakiyar bazara za su riƙa faɗowa. Dabba mai kitse ta fi saurin galabaita, narkar da dusa da harawa ma yana haifar da zafi a cikinta, shi ya sa ya fi kyau a ba da abinci mai nauyi da asuba da kuma bayan faɗuwar rana. A gari irin Ɗan Issa, inda motoci ke tsayawa jiran duwan da sauran bincike, ana ganin raguna cunkushe a bayan mota da kaji a kwanduna a bisa rufi, injin a kashe, iska ba ta motsi. Muddin mota na tafiya dabbobin na samun iska. Tsayuwar ce ke kashe su.

Kare ne ya fi kowace dabba shan wahalar rashin fahimta. Karen da zafi ya buga yakan zazzago harshe, yawu na dalala, idanu da dasashi su yi jawur, ya riƙa tangaɗi, wani lokaci ya yi amai ko ya faɗi yana shure-shure. Yara na ganin haka sai ihu ya tashi cewa mahaukacin kare ne, a bi shi da jifa. Akwai ma masu cewa zafin rana ne ke haukata kare. Ba haka ba ne. Ciwon haukan kare ƙwayar cuta ce da ke shiga ta cizo ko yawun dabbar da ta kamu, ba ta da lokaci, tana nan a hunturu kamar yadda take a bazara. Bugun zafi yakan zo cikin sa'o'i, bayan gudu ko zama a rana, kuma yakan ja da baya idan an sanyaya jiki. Hauka kuwa yakan fara da sauyin hali na 'yan kwanaki: kare mai fara'a ya koma ɓuya, ko ya riƙa cizon itace da dutse da duk abin da ya gifta, muryarsa ta canja, muƙamuƙi ya saki, kuma ba ya wuce kwana 10 bai mutu ba.

Wannan bambanci ba izini ba ne na sakaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Karen da ba a san shi ba, ba a kai hannu bakinsa, kuma a janye yara daga wurin. Wanda aka ciza ya wanke ciwon da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya jira ya ga abin da zai faru. Amma karen gida da aka san lafiyarsa lau da safe, aka tarar da shi a wannan hali bayan ya wuni a sarƙa, taimako yake buƙata cikin gaggawa. A kai shi inuwa, a riƙa kwarara masa ruwan randa a wuya da ciki da cinyoyi, ana yi masa fifita. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, domin yana riƙe zafi. Idan yana iya sha a ba shi kaɗan-kaɗan, idan ya suma kada a ɗura masa. Sai zafin jikin ya fara sauka sannan a nemi malamin dabbobi. Maganin zazzaɓin mutane ba ya sauke irin wannan zafi: Paracetamol guba ne ga kyanwa, Ibuprofen da Diclofenac kuma suna lalata ƙoda da cikin kare. Wani bincike da aka yi da bayanan asibitocin dabbobi na Ingila, wanda aka buga a 2020, ya gano cewa kusan kashi 74 cikin 100 na karnukan da zafi ya buga gudu ko motsa jiki ne sanadi. Idan haka ne a ƙasa mai sanyi, mafarautan da ke fita da karnuka a ƙarshen rani su yi wa kansu hisabi. Manyan karnukan waje masu kaurin gashi da wasu masu hali ke sayowa don gadi sun fi na gida shiga haɗari, kuma aske su ƙwal ba magani ba ne, fata ce za ta ƙone.

Zancen cewa tausayin dabba baƙon abu ne ya fi kome ban takaici, domin mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa ta yi maganar dalla-dalla tun ƙarnoni da dama. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, da Bukhari da Muslim, akwai labarin matafiyin da ƙishirwa ta kama, ya sauka rijiya ya sha, da ya fito ya ga kare yana haki yana lasar danshin ƙasa. Ya koma ciki, ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe shi da baki ya hauro, ya shayar da karen, aka gafarta masa saboda haka. Da sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Annabi (SAW) ya tabbatar musu akwai, a kan duk mai rai. Alamar da aka siffanta karen da ita a wannan hadisi ita ce wadda yau ake jifan kare a kanta. Bukhari da Muslim sun kuma ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Laifin a tsarewar yake tare da hana abin da tsarewar ta wajabta, kuma wannan shi ne ainihin halin dabbar turke da ta keji. A Muwaɗɗa ɗin dai an kawo yadda sahabi Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa har ta sha ta ƙoshi.

Malaman fiƙihu ba su bar abin a matsayin wa'azi kawai ba, sun mayar da shi hukunci. Muhtasar na Shehu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, wanda shi ne ƙololuwar karatun fiƙihu a zaure, ya wajabta wa mai dabba ciyar da ita idan babu makiyaya, idan ya ƙi a sayar da ita, haka ma idan yana ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta. A babin taimama, littafin ya lissafa tsoron ƙishirwar dabbar da ke tare da mutum cikin dalilan da ke sa ya bar alwala ya yi taimama, masu sharhi kuma sun sa karen da shari'a ta yarda a riƙe a cikin wannan hukunci. Ma'ana, idan ruwan da ke hannu ba zai isa alwala da shayar da karen kiwo ba, karen ne zai sha. Almajirai da yawa sun haddace wannan wuri, amma da wuya a ji an ɗauko shi a huɗubar Juma'a a watan Afrilu, lokacin da ya fi dacewa.

Ƙyamar kare ma an kai ta inda mazhabar ba ta kai ta ba. A wurin Malikawa duk mai rai tsarkakakke ne, har da kare da yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallagi a ciki kuwa bin umarni ne, ba don najasa ba. Abin da aka taƙaita shi ne dalilin riƙe shi. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ta yarda da karen gona da na kiwo da na farauta, ta hana ajiye shi a gida haka kawai. Masu sharhin Risalar sun kuma ruwaito cewa shi kansa marubucin ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron maƙiya, da aka tuna masa ra'ayin Malik sai ya nuna cewa da Malik ya riski wannan zamani, da abin da ya fi kare ma ya ajiye. Mutanen ƙauyukan Madarumfa da Gabi da Ɗan Issa, waɗanda suka sha fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane a bakin iyaka, ba sa buƙatar a fassara musu wannan labari. A gidaje da rugage da yawa kare ne ke fara jin motsi da dare. Rashin adalci ne babba a ce dabbar da ta kwana tana gadi ta wuni ɗaure a jikin turken ƙarfe ba ruwa, wai don kada ta taɓa ƙwarya. A ware mata kaskonta, magana ta ƙare.

Jaki yana bin bayan kare a wannan rashin gata. Shi ke jan amalanken ruwa da itace da yashi, kuma aikin ɗebo ruwa ya fi yawa daidai lokacin da rijiyoyi suka ja baya, zafi ya kai maƙura. Halinsa na haƙuri ne ke cutar da shi, domin ba ya nuna ciwo sai abu ya yi nisa. Jakin da ya sunkuyar da kai, kunnuwa suka zube, ya ƙi motsi, sau da yawa ba taurin kai ba ne, jikinsa ne ya ƙare, bulala kuwa ba ta ƙara masa ruwa. Gumi a ƙarƙashin akumari yana jiƙa fata har ta saluɓe ta zama gyambo. Aikin jaki a bazara na asuba ne zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar, a sauke masa kaya duk lokacin da aka tsaya, a ba shi kanwa ko gishirin lasa. Hukumomi sun nuna sun san darajarsa: Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, bayan da cinikin fatunsu zuwa Sin ya sa aka fitar da kimanin 80,000 cikin 'yan watanni, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su don fata a taronta na Addis Ababa a Fabrairun 2024. An kare shi daga wuƙa, ba a ce kome ba game da wanda ke faɗuwa a tsakanin sandunan amalanke.

Abin da ya rage na hukuma ne, kuma ba mai tsada ba ne. Kasuwar dabbobi da ake karɓar haraji a kan kowane kai ya kamata a ce tana da kwamin shayarwa da rumfuna, haka ma wurin da motocin dabbobi ke jira a bakin iyaka, inda ya dace a riƙa sallamar masu ɗauke da rai kafin masu ɗauke da siminti. Inuwa mai ɗorewa kuwa itace ce, kuma jihar Maraɗi ba baƙuwa ba ce a wannan fanni, tunda a nan aka faro dabarar rainon kututture a gonaki a farkon shekarun 1980, wadda ta dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kudancin Nijar. Gawo yana riƙe ganyensa a rani lokacin da ake neman inuwa, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne. Bedi yana girma da sauri a tsakar gida da bakin kasuwa. Sai allurar haukan kare, wadda ita ce za ta raba mutane da tsoron da ke sa su jefi kare mai haki. Gangamin rigakafin da ake yi kowace shekara ya fi karkata ga shanu da tumaki da awaki, alhali masana sun nuna cewa yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura yana katse yaɗuwar ciwon. An gwada hakan a Njamena ta ƙasar Cadi a 2012 da 2013, aka kai wannan adadi, cutar ta ɗauke daga birnin na wani lokaci, kafin karnukan da ke shigowa daga kewaye su sake kawo ta.